Ƙarin ruwa: Yadda ake auna leda da ƙidaya ɗigo a asibitocin Yola da Jimeta

A Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, da wuya a shiga ɗakin kwanciya ba a tarar da leda rataye a kan sandar ƙarfe ba, ruwanta yana sauka ɗigo-ɗigo ta siririyar roba zuwa hannun majinyaci. Mai jinya kan zauna a gefen gado ya zuba wa ɗigon ido. Wani lokaci ya ga kamar ruwan ya cika nawa, wani lokaci kuma ya ga leda ta ƙare tun kafin lokacin da ya zata. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ɗigon nan a lissafe yake. Likita ne ke rubuta yawan ruwan da tsawon lokacin da zai ɗauka, sannan ma'aikaciyar jinya ta mayar da umarnin zuwa adadin ɗigon da za a gani yana sauka cikin minti ɗaya.

Lissafin bai wuce ninkawa da rabawa irin na makarantar firamare ba, amma rai ya rataya a kansa. Idan ruwa ya yi nawa ga wanda amai da gudawa suka ƙarar da ruwan jikinsa, jininsa kan yi ƙasa, ƙodarsa ta daina aiki. Idan kuma ya yi sauri ga jariri ko dattijo mai ciwon zuciya, ruwan kan taru a huhu har numfashi ya gagara.

Zafi, ambaliya da kwalara

Mazauna Yola da Jimeta sun fi mutanen wurare da yawa sanin ledar ƙarin ruwa, saboda yanayin garuruwan biyu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, jiki ya riƙa zubar da ruwa ta hanyar gumi, tsofaffi da ƙananan yara su galabaita. Da damina kuma kogin Binuwai kan cika ya shiga unguwannin da ke bakinsa, musamman a shekarun da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kamar yadda ya faru a 2012 da 2022. Ambaliya kan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan sai amai da gudawa su biyo baya.

Jihar Adamawa ta fuskanci annobar kwalara a Mubi a watan Mayu na 2018, sannan a 2019 cutar ta ɓulla a ƙananan hukumomin Yola ta Arewa, Yola ta Kudu da Girei. A watan Satumba na 2024, bayan ambaliya, Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta sake tabbatar da ɓullar cutar a yankin babban birnin, inda unguwannin Jimeta na kusa da kogi suka fi jin jiki. A irin wannan lokaci majinyata kan zo da yawa a tare, kuma kowane daga cikinsu da nasa adadin ruwan da nasa gudun ɗigon.

Asalin ƙarin ruwa ma daga kwalara ya fito. A 1832, lokacin da cutar ta mamaye Birtaniya, wani likita mai suna Thomas Latta a garin Leith na yankin Sikotlan ya zuba ruwan gishiri kai tsaye cikin jijiyar wata tsohuwa da aka fid da rai da ita. Cikin rabin sa'a ya sa mata fiye da lita uku, ta farfaɗo har ta yi magana. Bayan ya tafi, gudawar ta dawo, ba a sake ƙara mata ruwa a kan lokaci ba, ta rasu. Darasin da likitoci suka ɗauka tun daga wancan lokaci shi ne, yawan ruwa da lokacin ba da shi tare suke tafiya.

Lita, mililita da ledar fiya wata

Matakin farko na lissafin shi ne daidaita ma'auni. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. Santilita ɗaya mililita 10 ce. Saboda haka ledar fiya wata da aka rubuta wa santilita 50 tana ɗauke da mililita 500, wato rabin lita, kuma daidai take da ledar ƙarin ruwa da aka fi amfani da ita a asibitocin Najeriya. Leda biyu lita ɗaya ke nan. Akwai kuma manyan ledoji na mililita 1,000, da ƙananan robobi na mililita 100 da wasu magunguna ke zuwa a ciki.

Tsofaffin ma'aikata kan ce "sisi" a maimakon mililita, kamar yadda ake cewa sirinji mai sisi biyar. Abu ɗaya ne, domin sisi ɗaya mililita ɗaya ce. Cokalin shayi na awon magani mililita 5 ne, babban cokali kuma mililita 15. Cokulan gida ba su da girma ɗaya, shi ya sa masu haɗa magunguna ke ba da shawarar a yi amfani da ɗan murfin awo ko sirinjin da ke zuwa tare da maganin yara. Kwalaben shayar da jarirai da ake shigowa da su daga Amurka kan nuna awo da oza, kuma oza ɗaya ta ruwa kimanin mililita 30 ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin miligiram da mililita. Miligiram awon nauyin maganin ne, mililita kuma awon ruwan da maganin ke ciki. Idan an rubuta a jikin kwalba cewa kowace mililita 5 tana ɗauke da miligiram 120, likita kuma ya ce a ba yaro miligiram 180, to abin da za a auna shi ne mililita 7.5. Ɗigon alƙalami da ke raba lambobi ma abin lura ne. Wanda ya karanta 0.5 a matsayin 5 ya ninka maganin sau goma, shi ya sa ake horar da ma'aikata su riƙa rubuta sifili kafin ɗigon.

Abin da ke cikin ledar

Ruwan ledojin duk fari ne ga ido, amma ba iri ɗaya ba ne. Ruwan gishiri, wanda ma'aikata ke kira nomal salin, yana ɗauke da gishiri kashi 0.9 cikin 100, wato giram 9 a kowace lita, gwargwadon da ya yi kusa da gishirin jinin mutum. Ruwan sukari mai kashi 5 cikin 100 yana da giram 50 na gulukos a lita, ledar mililita 500 ke nan tana da giram 25. Wannan bai kai ƙarfin da mutum zai samu daga ɗan ƙaramin kofin kunu ba, abin da ke nuna kuskuren masu zaton leda ɗaya ta ƙarin ruwa na maye gurbin abinci ko ƙara jini.

Na uku shi ne ruwan Ringer, wanda ya samo suna daga Sydney Ringer, likitan Birtaniya da ya yi bincike a kan gishirin jini a farkon shekarun 1880. A 1932 wani likitan yara na Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara masa sinadarin laktet domin rage tsamin jini. Wannan ruwa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita wa mai kwalara, saboda baya ga gishiri yana mayar da wani abu na sinadarin fotasiyam da gudawa ke fitarwa. Ruwan sukari zalla bai dace da mai kwalara ba, domin ba ya mayar da gishirin da ya zube, kuma ba ya daɗewa a cikin jijiya.

Ɗigo nawa ne mililita ɗaya

Robar da ke haɗa leda da allura tana da sassa biyu da lissafin ya dogara a kansu. Na farko shi ne ɗan ƙoƙon roba mai haske da ke ƙarƙashin leda, inda ake ganin ɗigo yana faɗowa. Na biyu kuma 'yar tayar da ake murzawa ta matse robar ko ta sassauta ta. Girman ɗigon ya danganta da faɗin bakin da yake fitowa, kuma kamfanin da ya ƙera robar yakan buga a jikin takardar da aka naɗe ta adadin ɗigon da ke cika mililita ɗaya.

Robar manya da aka fi samu a Najeriya ɗigo 20 ne ke ba da mililita ɗaya. Akwai mai ɗigo 15, wadda galibi irin ta ake samu a robar ƙarin jini, akwai kuma mai ɗigo 10. Ta yara tana da ɗan siririn ƙarfe a bakinta mai fitar da ƙananan ɗigo, 60 a mililita ɗaya, kuma sau da yawa tana zuwa da wani dogon ƙoƙo mai lambobi da ake auna ruwan sa'a ɗaya ko biyu a ciki. Saboda wannan bambanci ne ma'aikaciyar jinya ke karanta takardar robar kafin ta jefar da ita. Ɗigo 30 a minti a robar manya mililita 90 ne a sa'a, a robar yara kuwa mililita 30 ne kacal.

Ƙa'idar lissafin

Ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai a makarantun jinya, har da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Jihar Adamawa da ke Yola, guda ɗaya ce. A ɗauki yawan ruwan a mililita, a ninka shi da adadin ɗigon da ke cika mililita ɗaya a robar da ke hannu, sannan a raba da yawan mintocin da ake so ruwan ya ɗauka. Abin da ya fito shi ne ɗigon da za a ƙidaya a minti ɗaya.

A ce likita ya rubuta a ba majinyaci mililita 500 cikin sa'a 8, robar kuma mai ɗigo 20 ce. Mililita 500 sau 20 ya ba da ɗigo 10,000, wato jimillar ɗigon da ke cikin ledar. Sa'a 8 sau 60 ya ba da minti 480. Idan aka raba 10,000 gida 480 za a samu 20.8, sai a cike shi zuwa 21, tunda ba a ƙidaya rabin ɗigo. Da ledar za ta ɗauki sa'a 6, amsar ita ce ɗigo 28 a minti. Da sa'a 4 ce, ɗigo 42. Da sa'a 12 ce, ɗigo 14.

Idan umarnin ya zo a lita, sai a fara mayar da shi mililita. Lita ɗaya cikin sa'a 8 mililita 1,000 ce cikin minti 480, abin da ya ba da ɗigo 42 a roba mai 20, ko ɗigo 31 a roba mai 15. Mafi yawan manyan kurakurai daga wurare biyu suke fitowa: mantawa da mayar da lita zuwa mililita, da kuma rabawa da sa'o'i a maimakon mintoci.

Akwai gajeriyar hanya da ƙwararrun ma'aikata ke bi. Sukan fara gano mililita nawa za ta shiga a sa'a ɗaya. Lita ɗaya cikin sa'a 8 mililita 125 ce a sa'a. A roba mai ɗigo 20 sai a raba wannan adadi gida 3, a mai ɗigo 15 a raba gida 4, a mai ɗigo 10 a raba gida 6. A robar yara mai ɗigo 60 babu abin rabawa, domin mintocin sa'a ma 60 ne, don haka mililita 40 a sa'a ɗigo 40 ne a minti.

Bayan lissafi sai saitawa. Ma'aikaciyar kan riƙe agogo kusa da ƙoƙon ɗigo ta ƙidaya na sakan 15, ta ninka sau huɗu. Mai neman ɗigo 21 a minti zai ga kimanin biyar cikin sakan 15, mai neman 42 kuma zai ga goma ko sha ɗaya. Idan ta yi kusa da adadin, sai ta ƙidaya cikakken minti don tabbatarwa.

Ana kuma iya juya lissafin don sanin lokacin da leda za ta ƙare. Ledar mililita 500 da ke sauka ɗigo 30 a minti a roba mai 20 za ta ɗauki 10,000 a raba gida 30, wato minti 333, sa'a biyar da rabi da 'yan mintoci. A inda ake da na'urar tura ruwa mai aiki da lantarki, kamar sashen kula da jarirai ko na masu tsananin rashin lafiya, ba a ƙidaya ɗigo, mililita a sa'a kawai ake shigar mata. Sai dai na'urar ba ta wadatar da kowane gado ba, kuma wuta na iya ɗaukewa, shi ya sa ƙidaya da agogo ta kasance wajibi ga kowane ma'aikaci.

Dalilin tsanantawa a kan yara

Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Jariri kuwa yana da kusan mililita 80 a kowane kilo na nauyinsa, saboda haka mai kilo 7 duk jininsa bai fi mililita 560 ba. Ledar da za ta shiga jikin babba ba tare da ya ji komai ba, a wurin wannan jariri ta kusan kai yawan jininsa gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ake ɗora yaro a kan sikeli kafin a rataya masa leda.

Ruwan da yaron da ba ya iya ci ko sha yake buƙata a yini ana lissafa shi da ƙa'idar da likitoci biyu na Amurka, Malcolm Holliday da William Segar, suka wallafa a 1957. Kilo goma na farko kowanne mililita 100, kilo goma na biyu kowanne mililita 50, abin da ya haura kilo 20 kuma kowanne mililita 20. Yaro mai kilo 14 zai samu 1,000 na kilo goman farko da 200 na sauran huɗun, jimilla mililita 1,200 cikin sa'a 24, wato mililita 50 a sa'a. A robar yara ɗigo 50 ke nan a minti, a robar manya kuma kimanin 17.

A nan haɗarin musanya roba yake fitowa fili. Idan aka saita ɗigo 50 a minti amma robar ta manya ce, yaron zai riƙa karɓar mililita 150 a sa'a, ninki uku na abin da aka rubuta, kuma ruwan yini guda zai shige shi cikin sa'a takwas. Amfanin dogon ƙoƙon nan mai lambobi shi ne, ko da tayar ta sassauta, abin da aka auna a ciki kawai zai shiga.

Bincike ma ya nuna cewa yawan ruwa ba kullum ne alheri ba. A 2011 an wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna FEAST da aka gudanar a asibitocin Yuganda, Kenya da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri a farkon zuwansu sun fi mutuwa cikin sa'a 48 a kan waɗanda aka ba ruwa a hankali. Gwajin bai haɗa da masu gudawa ba, domin su ruwa ne ya zube daga jikinsu, kuma mayar da shi da gaggawa ne maganinsu.

Lissafin lokacin kwalara

Wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai ya rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli. Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta samo adadin mililita 100 ga kowane kilo, wanda ake ba da shi kashi biyu. Ga wanda ya kai shekara ɗaya zuwa sama, mililita 30 ga kowane kilo cikin minti 30, sannan mililita 70 ga kowane kilo cikin sa'a biyu da rabi. Ga jaririn da bai kai shekara ba, kashi na farko sa'a ɗaya yake ɗauka, na biyu kuma sa'a biyar.

Yaro ɗan shekara biyu mai kilo 12 zai karɓi mililita 360 cikin minti 30. A roba mai ɗigo 20 wannan ɗigo 240 ne a minti, gudun da ido ba ya iya ƙidayawa, sai dai a riƙa duba lambobin jikin leda a tabbatar mililita 120 na sauka kowane minti goma. Sauran mililita 840 cikin minti 150 sun ba da ɗigo 112 a minti. Jariri mai kilo 7 kuwa zai karɓi mililita 210 a sa'ar farko, ɗigo 70 a minti, sannan mililita 490 cikin minti 300, kimanin ɗigo 33. Babban mutum mai kilo 60 yana buƙatar lita shida, leda 12 ke nan cikin sa'a uku, shi ya sa ake sa masa babbar allura, wani lokaci a hannu biyu.

Wannan tsari ba ya aiki a kan yaro mai tamowa. Zuciyarsa ta yi rauni, kuma kamanninsa na iya sa a zaci ruwan jikinsa ya ƙare alhali ba haka ba ne. Ana mayar masa da ruwa ta baki a hankali, ba a kuma sa masa leda sai jininsa ya faɗi, shi ma da ƙaramin adadi da sa ido sosai.

Kwalara mai tsanani idan ba a yi maganinta ba tana iya kashe mutum cikin sa'o'i, amma da kulawar da ta dace ana riƙe mace-mace ƙasa da kashi ɗaya cikin 100. Mafi yawan masu cutar ma ba sa buƙatar leda. Ruwan gishiri da sukari na sha, wanda likitan Indiya Dilip Mahalanabis ya nuna ƙarfinsa a sansanin 'yan gudun hijira a 1971 lokacin da ledojin ƙarin ruwa suka yi ƙaranci, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yaɗa shi a Najeriya sa'ad da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya isa ga duk wanda ke iya sha. Shi ma da awonsa: ƙunshin da aka rubuta wa lita ɗaya ana narka shi ne a ledar fiya wata biyu cif. Idan aka rage ruwan, gishirin ya yi yawa, ya zama illa ga yaro.

Ledar da aka zuba wa magani

Wani lokaci ruwan abin hawa ne kawai, maganin da aka zuba a ciki shi ne abin nufi, kuma gudun ɗigo shi ne awon maganin. Misali mafi kusa shi ne ruwan naƙuda. Ana zuba sinadarin oksitosin a leda, a fara da ɗigo kaɗan, a riƙa ƙarawa mataki-mataki duk bayan rabin sa'a, ungozoma tana lura da ƙarfin naƙudar da bugun zuciyar ɗan da ke ciki. Idan ya yi sauri, mahaifa na iya matsewa babu sassauci har jinjiri ya rasa iska, ko ma ta fashe.

Kwinin da ake sa wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a inda babu allurar atesunet, ana ba da shi ne cikin sa'a huɗu, domin saurinsa na rikita bugun zuciya, kuma maganin yana saukar da sukarin jini. Fotasiyam idan ya shiga da gudu yana tsayar da zuciya. Jini kuma yana da iyaka ta ɗaya ɓangaren: dole leda ta ƙare cikin sa'a huɗu daga lokacin da aka rataya ta, saboda ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a jinin da ya daɗe a zafin ɗaki. Ledar jini mai mililita 450 cikin sa'a huɗu a roba mai ɗigo 15 tana sauka ne ɗigo 28 a minti, kuma akan fara a hankali a minti 15 na farko don ganin ko jiki zai ƙi shi.

Abin da ke sauya gudun ruwa

Ko an saita ɗigo daidai, ba ya zama a haka. Nauyin ruwa ne ke tura shi, don haka ɗaga ledar sama yana ƙara gudu, sauke ta kuma yana ragewa. Majinyaci idan ya lanƙwasa hannu ko ya kwanta a kan robar, ruwan kan tsaya, idan ya miƙe kuma ya zubo da sauri. Allura na iya toshewa da gudan jini, ko ta goce daga jijiya ruwan ya riƙa taruwa a ƙarƙashin fata. Ita kanta robar takan saki a ƙarƙashin tayar bayan wani lokaci.

Saboda haka ake sake ƙidayawa a kai a kai, a kuma rubuta lokacin farawa da na ƙarewa a jikin leda. Ledar sa'a 8 da aka rataya da ƙarfe 8 na safe ya kamata ta kai rabi da ƙarfe 12 na rana, ta ƙare da ƙarfe 4 na yamma. Idan ta yi jinkiri, ba a buɗe tayar don a rama abin da ya wuce, sai dai a sake lissafi da abin da ya rage ko a tuntuɓi likita. Ana kuma rubuta duk ruwan da ya shiga da wanda ya fita, har fitsari da amai, a takardar da ke ƙarshen gado.

Abin da ya rage ga mai jinya

Ɗan uwan da ke zaune a gefen gado ya fi kowa daɗewa yana kallon ledar, kuma yana iya taimakawa ƙwarai ba tare da ya taɓa ta ba. Yana da haƙƙin ya tambayi ma'aikaciya sa'a nawa ledar za ta ɗauka, ya duba agogo, ya sanar idan ta kai rabi tun kafin lokaci ko ta tsaya cik. Ya gaggauta kiran ma'aikata idan ya ga wurin allura ya kumbura ko ya yi ja, ko fuska da fatar ido sun kumbura, ko numfashi ya yi sauri da tari, ko majinyaci ya kama rawar sanyi bayan an sa sabuwar leda. Murza tayar don leda ta ƙare a tafi gida, ko rage ta don kada a sayi wata, duka biyun ɓata lissafin da aka yi wa majinyacin ne.

Haka nan al'adar zuwa kemis a nemi ƙarin ruwa saboda kasala ko gajiyar azumi tana da haɗari. Lasisin da Hukumar Kula da Harkar Magunguna ta Najeriya ke ba masu ƙananan shagunan magani bai ba su izinin yin allura ko sa ƙarin ruwa ba. Wanda ke iya sha da bakinsa, ruwan sha da na gishiri da sukari sun fi masa aminci da araha, kuma mai hawan jini ko ciwon ƙoda da bai san yana da shi ba na iya cutuwa da ledar da babu wanda ya auna. Idan za a saya wa majinyaci leda a waje, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a ɗaga ta a haske a tabbatar ruwan garau yake kuma ba ta yoyo, sannan a miƙa ta tare da robar a cikin takardarta ba a yage ba, domin a jikin takardar ne aka rubuta adadin ɗigon da ma'aikaciyar jinya za ta yi lissafi da shi.